Neman kalma: pulsar, magnetic field da gamma ray, ina da ɗaukar shiri ranar Alhamis

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum malamaina. Na zo da ƙoƙon bara. Ranar Alhamis da safe zan ɗauki shirin kimiyya na minti 15 a rediyo, kuma Hausata ta cije. Ina son in yi bayanin irin tauraron nan da ake kira pulsar. Abin da na fahimta shi ne, babban tauraro ne makamashinsa ya ƙare ya tarwatse, cibiyarsa ta dunƙule ta zama curi mai faɗin kilomita 20 ko kusa da haka, amma ya fi rana nauyi. Yana juyawa da sauri, yana da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, kuma yadda maganaɗisun ya kewaye shi ne ke sa haskensa na gamma ya fito ta wani wuri ya bar wani. Kalmomi huɗu suka tsaya mini a wuya: pulsar, magnetic field, gamma ray, light cylinder. Ku tuna rediyo ne, babu allo babu hoto, kunne kaɗai zai yi aikin.

Ɗalibar Hausa: Wa alaikumus salam Anti. Pulsar dai "tauraro mai bugu", ko "mai bugun haske". Magnetic field kuma a makaranta "filin maganaɗisu" muka ji ana cewa.

Almajirin Nahawu: Larabawa nabbad suka ce, daga bugun jijiya. Ke nan su ma ta hanyar bugu suka bi. Ina tare da Ɗaliba.

Tsohon Mafassari: 'Yata, ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda kin zo za a yi. "Tauraro mai bugun haske" jimla ce, ba suna ba ce. Sau nawa za ki faɗe ta cikin minti 15 kafin harshenki ya gaji? Kalma ɗaya ake so. Hausa na da hanyar ƙera irin wannan suna tun kaka da kakanni: mai yawan mantuwa mantau, mai jimiri jimrau, wanda ya gagara gagarau. Wannan tauraro ƙiftawa yake yi ba fashi. Sunansa ƙiftau. Jam'i ƙiftau-ƙiftau in an matsa, ko a ce taurari ƙiftau. Ki sa shi a shirin, ki ga in mako ya zagayo yara ba su ɗauka ba.

Malamin Fiziks: Baba, ƙirar ta yi kyau a kunne, amma akwai matsala a ma'ana. Tauraron ba ya ƙiftawa. Haskensa ba ya mutuwa ya dawo. Juyawa yake yi, hasken na share sama kamar fitilar da ke kan motar asibiti, sai lokacin da ya fuskanto mu muke ganinsa. Su kansu Turawan sunan ya yaudare su. Jocelyn Bell ce ta fara gano na farko a jami'ar Kambirij ta Ingila a 1967, tana ɗaliba, siginar rediyo na zuwa kowane daƙiƙa 1.3, aka yi zaton tauraro ne ke kumbura yana sacewa. Kafin a tabbatar juyi ne suna ya riga ya kama. Me zai sa mu ɗauko kuskurensu mu sa masa rigar Hausa?

Tsohon Mafassari: To "mai bugu" fa? Shi bugawa yake yi? Kun yarda da kuskuren in Balarabe ya yi shi, in Bahaushe ya yi sai a kawo fiziks.

Malamin Fiziks: Gaskiyarka a nan, shi ma yana da wannan aibi. Bambancin kawai, in aka ce ƙiftawa, manomi zai ɗaga kai da dare ya ga duk taurari na ƙyalƙyali ya ce ai ga su nan birjik. Wancan ƙyalƙyalin iskar duniyarmu ce ke kawo shi. Pulsar kuwa ido ba ya ganinsa. Wanda ke cikin gajimaren Ƙaguwa, wato ɓurɓushin wani tauraro da ya tarwatse, sau 30 yake juyawa a daƙiƙa ɗaya, na rukunin taurarin da ake kira Vela kuma sau 11. Wane ido ne ke ƙiftawa haka?

Ɗan Maraɗi: Ku bar shi pulsar mana. Mu nan da Faransanci muka yi karatu, pulsar ɗin ne dai, ba su canza ba. In kun ƙera wata kalma a Kano, yaronmu ya ji ta a rediyo, ya je aji ya ji wata, ya buɗe littafi ya ga ta ukku. A rubuta shi fulsa a huce wurin. Ko da yake a bakinmu hulsa zai koma.

Ɗalibar Hausa: Fulsa ya fi falsa dai, kada a ji kamar falsafa aka gutsure.

Tsohon Mafassari: Kayan aro ba ya rufe katara. Fulsa! Me yake nufi? Da magabatanmu a aikin nan sun yi irin wannan lalaci da yau babu jirgin sama, babu jirgin ƙasa, babu tauraron ɗan Adam, babu Majalisar Ɗinkin Duniya. Mun zauna mun yi gumi a kan kowace kalma. Yanzu kowa ya ga baƙuwar kalma sai ya sa mata wasali a gindi ya ce ya fassara.

Ɗan Maraɗi: Baba, da girmanka, na'ura mai ƙwaƙwalwa tana ina yau? Kwamfuta kowa ke cewa. Kuma maganaɗisun da muke ta faɗa tun ɗazu, na wa ne?

Almajirin Nahawu: Daga Larabci ya shigo, su kuma daga Girkanci suka karɓa. Ta Hausa tsantsa ita ce mayen ƙarfe.

Tsohon Mafassari: Wanda ya kwana ɗaruruwan shekaru a gida ya zama ɗan gida. Ba shi nake magana ba.

Mai Shirin Kimiyya: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban ƙi ƙiftau ba tukuna. Amma don Allah mu taɓa ta biyun, ita ce zuciyar shirin. "Filin maganaɗisu" na gwada karanta shi ga mahaifiyata, sai ta ce wa ya sayi filin?

Malamin Fiziks: Hajiya ta gano abin da ya daɗe yana damuna. Fili shimfiɗe yake, kuma babu komai a cikinsa. Abin da ƙanwata ke son bayyanawa kuwa siffa gare shi, kuma siffar ce labarin gaba ɗaya. Bari in ɗan tsawaita, domin in ba a ga abin ba ba za a iya raɗa masa suna ba.

Ku ɗauki mayen ƙarfe ku barbaɗa garin ƙarfe a kusa da shi, za ku ga ya jeru layi-layi, daga kai ɗaya ya lanƙwasa ya koma ɗaya kan. Haka abin yake a wannan tauraro, sai dai ƙarfinsa ya ninka na duniyarmu kamar sau tiriliyan. Layukan suna juyawa tare da tauraron kamar an ɗaure su. To duk abin da ke juyawa, gefensa ya fi tsakiyarsa gudu. In ka yi ta nisa za ka kai inda, in layin zai ci gaba da bin juyin, sai ya yi gudun haske, abin da ba ya yiwuwa. Wannan iyakar ita ce light cylinder. A tauraron Ƙaguwa tana wajen kilomita 1,600 daga tsakiya, a na Vela sama da 4,000. Layukan da ba su kai can ba sukan lanƙwaso su rufe. Waɗanda suka fito daga kusa da kawunan maganaɗisun biyu ba sa iya dawowa, sai su buɗe su koma baya suna nannaɗewa. Ta buɗaɗɗun nan ne ƙwayoyin lantarki ke tserewa.

Shekaru da yawa ana gardama a kan inda hasken gamma ke fitowa. Wasu suka ce ƙasa-ƙasa, dab da kan maganaɗisun, inda ake ganin siginar rediyo ke tashi. Wasu suka ce can sama kusa da iyakar. Abin da ya raba gardamar shi ne maganaɗisun kansa. Dab da tauraron ƙarfinsa ya kai ya haɗiye hasken gamma mai tsananin kuzari, ya mai da shi ƙwayoyi biyu, ilaktiron da kishiyarsa fositiron. Da daga nan yake fitowa, da mafi ƙarfinsa bai iso mu ba. A 2008 na'urar hangen MAGIC da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sipaniya ta kama bugun gamma daga Ƙaguwa mai kuzarin da ba zai iya kuɓuta daga ƙasa-ƙasa ba. A shekarar ce kuma, ranar 11 ga Yuni, aka harba tauraron ɗan Adam na Fermi, mai hangen hasken gamma. Kafin shi, irin waɗannan taurari da aka sani da hasken gamma ba su kai 10 ba, zuwa 2023 kundinsa ya kai 294. Abin da ya gani ya nuna sama, ba ƙasa ba.

Yanzu da yawa daga masana sun fi karkata ga wajen iyakar ma. Layukan da suka fito daga kan arewa da na kudu suna haɗuwa a tsakiya suna fuskantar saɓanin juna, tsakaninsu akwai wata siririyar shimfiɗa ta lantarki mai lanƙwashe-lanƙwashe, kamar bakin malafa da ya sha ruwa. A nan layuka ke tsinkewa su sake ƙulluwa, ƙwayoyi su sami mugun gudu, su fitar da gamma. To ku gaya mini, wannan duk "fili" ne?

Ɗalibar Hausa: Malam, ai saƙa ka kwatanta. Saƙar maganaɗisu. Layukan kuma zare.

Almajirin Nahawu: Ni kuma hurumi ya zo mini. Hurumin gari, hurumin masallaci, wurin da ikon abu ya kai. In aka ce ba huruminka ba ne kowa ya gane. Hurumin maganaɗisu: duk inda ƙarfinsa ke aiki.

Malamin Fiziks: Wallahi hurumi ya zauna. Abu biyu ne daman, ni ma na cakuɗa su. Yankin da maganaɗisun ke mulki, wanda Bature ke kira magnetosphere, shi ne hurumi. Yadda layukan suka jeru a cikinsa, shi ne saƙa. "Saƙar maganaɗisun ce ke nuna ta inda haske zai fita daga hurumin." Ban taɓa iya faɗar wannan a aji da Hausa ba sai yau.

Ɗan Maraɗi: Amma a jarrabawa champ ne da Faransanci, field ne da Ingilishi, fili ne. In malami ya ce fili, rediyo ta ce hurumi?

Mai Shirin Kimiyya: Zan ambaci fili sau ɗaya saboda ɗalibai, in ce "abin da a makaranta ake kira filin maganaɗisu", daga nan in ci gaba da hurumi da saƙa.

Tsohon Mafassari: Kun ga ni? Da aka zauna aka yi tunani ga shi kalma ta fito. Hurumi ya yi. Me ya hana a yi wa ƙiftau wannan adalcin? Malamin Fiziks, kai da ka san tarihin abin, gaya musu labarin Geminga.

Malamin Fiziks: Baba ya yi karatu. Geminga wani ne daga cikin irin taurarin nan, an fara ganin haskensa na gamma a shekarun 1970, aka neme shi da na'urorin rediyo ba a ji komai ba. Masanin Italiya Giovanni Bignami ya raɗa masa suna da karin harshen mutanen Milan, ma'anarsa "babu shi". Sai a 1992 aka tabbatar yana bugawa, kusan sau 4 a daƙiƙa. Kuma ƙanwata, ki sa wannan a shirin, domin hujja ce a kan saƙar: siginar rediyo siririya ce kamar hasken tocila, tana iya kauce mana, shi kuwa gamma da ke fitowa daga can waje buɗe yake kamar mafici, yana share sama da faɗi. Shi ya sa Fermi ya samo da yawa waɗanda rediyo ba ta jin su.

Tsohon Mafassari: Madalla. Mutum ya sa wa tauraro suna da harshen unguwarsu, ba ma Italiyancin littafi ba, duniya duka na faɗa. Mu masu magana da Hausa miliyoyi, daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Sudan, muna jin kunyar kalma ɗaya.

Malamin Fiziks: Shi ya yi shekaru yana bin tauraron, Baba. Wanda ya yi naƙuda shi ke da suna. Kuma sunan tauraro guda ya raɗa, bai canza sunan jinsin ba. Ran da ɗanmu ya gano nasa, ya kira shi Ƙiftau, ni zan fara tafa masa.

Tsohon Mafassari: Wato sai mun mallaki na'ura za mu mallaki bakinmu? Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, da wace na'ura aka gano su?

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana. Kada a ce na'urar ta yi mana nisa. Nan Kuntunse, kusa da mu, akwai faifan rediyo mai faɗin mita 32, da na sadarwa ne aka mai da shi na binciken sama, aka buɗe a 2017, kuma an saurari pulsar da shi. Mu dai a nan pulsar za a ce, kome kuka yanke a Kano.

Ɗalibar Hausa: Kullum Kano, Kano. Ni daga Sakkwato nake, kuma ba wanda ya tambaye mu yadda ƙiftau ke sauka a kunnenmu. Wasu ƙyafta suke cewa, wasu ƙibta. Tun ba a je ko'ina ba kalmar ta rabu uku.

Tsohon Mafassari: Daidaitacciyar Hausa aka sani a rubutu, 'yata. Ba ni na kafa ta ba.

Ɗalibar Hausa: Rediyo ba rubutu ba ce, Baba.

Ɗan Maraɗi: Faɗa masa dai. In ana zancen kishin harshe sai a tuna da mu a ƙidaya, in ana yanke kalma sai a manta.

Mai Shirin Kimiyya: Jama'a, don girman Allah. Yau Talata. Saura gamma da light cylinder.

Almajirin Nahawu: Gamma harafi ne, na uku a Girkanci, ɗan'uwan jimun ne, wanda shi ma na uku ne a jerin abajada. Suna ne kawai na jeri, alfa, beta, gamma, babu abin fassarawa. A bar shi.

Ɗalibar Hausa: A dai danna mim ɗin da kyau, Anti. In kika ce "hasken gama" za a ji kamar hasken da ke gamawa da mutum.

Ɗan Maraɗi: Na sha jin "tururi" a labarai in ana zancen nukiliya.

Malamin Fiziks: A'a, kada tururi ya shigo. Tururi iska ke ɗauka. Wannan haske ne sak, irin na rana, sai dai ido ba ya ganinsa kuma kowace ƙwayarsa ta fi kuzari nesa ba kusa ba. Ga misali daga nahiyarmu: na'urorin hangen gamma na H.E.S.S. da ke Namibiya sun kama bugun gamma daga Vela wanda ƙwayarsa ta ninka ta hasken da muke gani kamar sau tiriliyan 10, aka sanar a 2023. Hasken gamma ya isa. Ki ƙara "wanda ido ba ya gani" a karon farko.

Tsohon Mafassari: Gamma ban ja ba, harafi ne. Light cylinder kuwa ganuwa ce. Ganuwar haske. Cikin ganuwa layuka a rufe, bayan ganuwa a buɗe. Tunda kun karɓi hurumi, ga ganuwarsa.

Ɗalibar Hausa: Kai, wannan ta yi daɗi.

Malamin Fiziks: Ta yi daɗi, kuma tana ba ni tsoro. Ganuwa gini ce, tana tare mutum. A can babu komai, lissafi ne kawai, kamar iyakar gona da ba a kafa mata shinge ba. Kuma ba da haske aka yi ta ba, gudun haske ne ya sa ta. In mai sauraro ya tafi da hoton katanga mai walƙiya kewaye da tauraro, mun koya masa abin da babu. Ni "iyakar gudun haske" zan ce.

Almajirin Nahawu: Iyakar gudun haske kuma za a ji kamar iyakacin saurin da haske ke yi, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wata ma'anar ce daban.

Ɗan Zango: Gangar haske fa? Ganga ai silinda ce.

Ɗan Maraɗi: Sai a tambaye ka wa ke kaɗa ta.

Tsohon Mafassari: Duk abin da na kawo sai an sami aibinsa. Ganuwar Kano ma yau wurare da yawa babu ginin, amma kowa ya san in ya fita bayan ganuwa. Kalma ba hoto ba ce, Malam. Jirgin sama ba ya shiga ruwa, an fasa ce masa jirgi?

Malamin Fiziks: Wannan hujjar ta kama ni, ban da amsa. Amma ina roƙon a ce "ganuwar da ba gini ba" ko sau ɗaya ne.

Mai Shirin Kimiyya: To ga abin da na rubuta, ku duba mini:

"A shekarar 1054 masana taurari a ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, har da rana ana ganinsa. A sashen sama ɗaya yake da Kaza da 'Ya'yanta. Fashewar tauraro ce, kuma abin da ya rage daga gare ta, a cikin gajimaren Ƙaguwa, shi ne wani curi da masana ke kira fulsa, wato tauraro mai bugun haske. Ba ƙiftawa yake yi ba, juyawa yake kamar mazari, sau 30 a daƙiƙa. Yana da hurumi na maganaɗisu, kuma hurumin yana da saƙa: wasu zaruruwan sun lanƙwasa sun koma gida, wasu sun miƙe sun fice. Akwai wata iyaka, mu ce ganuwa, ko da yake ba gini ba ce, inda zaren ba zai iya bin juyin tauraron ba. A kusa da wannan ganuwa da bayanta ne hasken gamma, wanda ido ba ya gani, yake fitowa."

Malamin Fiziks: Ya yi. Ki sa "mafi yawan masana na ganin" kafin jimlar ƙarshe, domin ainihin wurin har yanzu ana aiki a kansa. In lokaci ya rage ki ƙara cewa a yawancinsu bugun gamma biyu ne a kowane juyi, kuma a Vela siginar rediyo ke riga su isowa, alamar ba wuri ɗaya suke fitowa ba.

Tsohon Mafassari: Kin ɗauki ganuwata kin jefar da ƙiftau, har kin sa jimla ta musamman don ki ƙaryata shi. Ba komai. Mazari dai ya yi, ban san 'yan yanzu sun san shi ba. Ni a rubutuna ƙiftau zan ci gaba da sawa, fulsa ba zai fito daga bakina ba.

Mai Shirin Kimiyya: Baba, zan faɗa a ƙarshen shirin cewa wani dattijo masanin fassara ya ba da shawarar ƙiftau, in nemi masu sauraro su aiko da ra'ayinsu. Ka yarda?

Tsohon Mafassari: Ki faɗe shi da ƙ mai lanƙwasa, kada ki ce kiftau.

Ɗalibar Hausa: Anti, jam'in fulsa fa? Fulsoshi?

Ɗan Maraɗi: Taurarin fulsa. Kada a sake buɗe wata.

Ɗan Zango: Wace mita ce tashar, kuma ana kama ku a intanet? Ina son in ji yadda ganuwar za ta fita a iska.